Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Jagoran Ɗalibin Jami'a Wajen Neman Horon Aiki da Aikin Farko

Duk shekara, da jarrabawar ƙarshe ta matso, sai ɗalibai su fara kawo mini takardunsu na neman aiki in duba musu. Abin da nake gani kusan iri ɗaya ne, kuma har yau bai daina damuna ba: suna, lambar waya, makarantun da aka yi, sai layi biyu da ke cewa mai takardar yana da himma kuma ya iya zama da mutane. Shi ke nan. Shekara huɗu ko biyar a jami'a, amma an rasa abin da zai cika rabin shafi. Yawancinsu kuwa ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba, wasu ma da sakamako mai kyau za su fita. Abin nunawa ne ba su da shi. Digiri shaida ce cewa ka zauna a aji ka ci jarrabawa. Mai ɗaukar ma'aikata kuwa tambayarsa daban ce: me ka taɓa yi da hannunka, kuma wa ya gani da zai tsaya maka?

Horon aiki, wato zuwa sanin makamar aiki a wata ma'aikata tun kana ɗalibi, shi ne hanya mafi sauƙi ta samun amsar wannan tambaya. Tsarin ya daɗe. Tun 1906 wani malamin injiniyanci, Herman Schneider, ya fara tura ɗalibansa na Jami'ar Cincinnati a Amurka masana'antu, su yi mako a aji su yi mako a bakin inji, domin ya lura waɗanda suka taɓa aiki kafin su gama sun fi saurin kama hanya. Jami'ar Waterloo ta Kanada, da aka kafa a 1957, a kan wannan tsari ta ginu. Ga yadda zan so ka bi lamarin, ƙanena ko ƙanwata, daki-daki.

Mataki na farko: san abin da kake nema

Kalmar horon aiki ta haɗa abubuwa da dama. Akwai wanda jami'a ta wajabta, ana ba shi maki kamar kowane kwas. Akwai na dogon hutu, mai mako takwas zuwa goma sha biyu, wanda manyan kamfanoni ke amfani da shi wajen tankaɗe waɗanda za su ɗauka daga baya. Akwai taya malami bincike a ɗakin gwaji ko a fili. Akwai aikin wucin gadi na 'yan sa'o'i a mako, da aikin sa kai a ƙungiyoyi, da aikin da ake yi daga gida ta intanet. Sai kuma shirye-shiryen horar da sabbin masu digiri, waɗanda ake nema tun ana shekarar ƙarshe. Duk suna shiga lissafi, kada ka raina ko ɗaya.

Kafin ka nemi komai, yi wannan aiki na yamma guda. Nemo tallan guraben aiki goma na irin aikin da kake fatan yi bayan ka gama. Ba don ka nema ba, don ka karanta. Ɗauki biro ka rubuta duk wata ƙwarewa da aka ambata, ka ja layi a ƙarƙashin wadda ta fito sau biyar ko fiye. Mai karatun lissafin kuɗi zai ga Excel tana ta dawowa. Mai ilimin ƙididdiga zai ga harsunan kwamfuta irin su Python ko R ko SQL. Mai injiniyancin gine-gine zai ga manhajar zane ta AutoCAD. Mai aikin jarida zai ga tace murya da bidiyo. Wannan jerin da ka fitar shi ne manhajar karatunka ta biyu, wadda ba za a koya maka a aji ba sai ka tashi ka nema. Na fi yarda da shi a kan duk wata shawara da wani zai ba ka da baki, har da tawa, domin daga bakin masu biyan albashi ya fito.

Mataki na biyu: riƙe kalanda

Nan ne aka fi yin asara, kuma asarar banza ce. Ɗalibi ya cancanta, amma sai ya ji labarin gurbin bayan an rufe. Manyan wurare suna buɗe neman masu horo watanni da yawa kafin ranar farawa. Manyan bankuna da kamfanonin ba da shawara na duniya sukan fara tantance masu horon bazara kusan shekara guda kafin lokacin. Cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Janiba tana karɓar ɗaliban kimiyyar lissafi da fiziks da kwamfuta da injiniyanci na mako takwas zuwa goma sha uku a bazara, amma tun watan Janairu take rufe karɓar takardu. Shirin Google Summer of Code, da aka fara a 2005, yana haɗa masu koyon rubuta manhaja da ƙungiyoyin manhajar da kowa ke iya gani ya gyara, ana yi daga gida kuma ana biya. Wajen Maris zuwa Afrilu ake miƙa tsarin aiki, sai dai waɗanda aka fi ɗauka su ne waɗanda suka fara taya ƙungiyar ƙananan gyare-gyare tun kafin a buɗe. Outreachy ma haka yake, wata uku daga gida, sau biyu a shekara. Ƙungiyoyin IAESTE da AIESEC, dukansu tun 1948, suna musayar ɗalibai tsakanin ƙasashe don horon aiki, ta hannun rassansu.

Wasu guraben kuma suna da wa'adin da ke ƙarewa da ɗalibtarka. Sakatariyar Majalisar Ɗinkin Duniya tana ɗaukar masu horo na wata biyu zuwa shida, daga 'yan shekarar ƙarshe ta digirin farko, da masu digiri na gaba, da waɗanda suka gama, ko da yake a da sai wanda bai wuce shekara guda da gamawa ba ake ɗauka. A shirin Erasmus+ na Tarayyar Turai, wanda ya gama karatu yana iya yin horon a cikin shekara guda bayan gamawa, amma dole tun yana ɗalibi ya nema. Wanda ya ce sai ya karɓi satifiket tukuna, ya makara.

Don haka buɗe jadawali ɗaya, a kwamfuta ko a littafi: sunan wuri, ranar buɗewa, ranar rufewa, takardun da ake buƙata, ranar da ka tura, amsar da aka ba ka. Wurare da yawa suna duba takardu ne yadda suke shigowa, su cike gurbi kafin ranar rufewa ta zo, saboda haka tura taka a makon farko ko na biyu.

Idan kana shekarar farko, aikinka shi ne gyara makinka, shiga ƙungiya ɗaya ta ɗalibai ka riƙe wani aiki a cikinta, da koyon abu ɗaya daga jerin da ka fitar. A shekara ta biyu nemi ƙaramin wuri ko malamin da za ka taya bincike. Shekarar kusa da ƙarshe ita ce ta babban horo, domin daga ita ake yawan yi wa mutum tayin aiki. Idan kuwa kana shekarar ƙarshe kake karanta wannan, kada gwiwarka ta yi sanyi, amma fara yau.

Mataki na uku: gina abin nunawa

Kowane ɗalibi ya san wannan ƙulli: ana neman mai gogewa, ni kuma sai an ɗauke ni zan goge. Hanyar warware shi ita ce ka yi aikin tun ba wanda ya sa ka.

Mai karatun lissafin kuɗi ko tattalin arziki, kamfanonin da ke kasuwar hannun jari suna wallafa rahotonsu na shekara kowa ya gani. Ɗauki na kamfani ɗaya na shekara uku, ka zuba alƙaluman a Excel, ka fitar da yadda riba da bashi suka sauya, ka rubuta shafi biyu kan abin da ka fahimta. Mai kwamfuta, rubuta ƙaramar manhaja da ke warware wata matsala ta gaske, ko da ta tsara jadawalin laccar ajinku ce, ka ɗora a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, tare da bayanin yadda ake amfani da ita. Mai aikin gona, gwada iri biyu a ƙaramin fili, ka riƙa auna tsayi da yabanya kana rubutawa da kwanan wata. Mai shari'a, shiga gasar kotun gwaji ko ofishin taimakon shari'a na tsangayarku. Mai karatun koyarwa, koyar da yara ka ajiye tsarin darussanka da makinsu na farko da na ƙarshe. Mai aikin jarida, rubuta labari biyar da ka je ka tattaro da ƙafarka. Ɗaliban lafiya su kula: duk abin da za su nuna kada ya ƙunshi suna ko hoton majiyyaci.

Abu biyu ko uku da aka kammala sun fi goma da aka bari a rabi. Satifiket na kwasa-kwasan intanet, irin na Coursera ko edX, yana da amfani, amma na ga masu tara su kamar ana gasa. Mai ɗaukar aiki zai tambaye ka me ka yi da abin da ka koya, kuma nan take ake gane wanda ya kalli bidiyo kawai. Ga duk kwas ɗin da ka gama, fitar da aiki ɗaya daga cikinsa. Furojet ɗinka na shekarar ƙarshe ma kada ka yi masa riƙon a-yi-a-gama. Zaɓi batun da ya shafi fannin da kake son aiki, domin shi ne abin da za a fi tambayarka a kai.

Mataki na huɗu: takardar tarihin karatu da aiki, da wasiƙar rakiya

Takardar da aka fi sani da CV, ga ɗalibi, shafi ɗaya ce. Wanda zai karanta ta yana da tarin wasu a gabansa, kallo ɗaya zai yi mata kafin ya yanke ko zai sake dubawa. A sama suna da waya da imel, kuma imel ɗin ya zama da sunanka na gaskiya, ba laƙabin da abokai ke kiranka ba. Sai karatu, sai ayyukan da ka yi, sai ƙwarewa.

Sirrin yana cikin yadda ake rubuta kowane layi. Ɗalibi zai rubuta: "Na kasance ma'ajin ƙungiyar ɗaliban sashenmu." Wannan muƙami ya faɗa, bai faɗi aiki ba. Ga yadda ya kamata: "Na riƙe asusun ƙungiya mai mambobi 180, na mayar da lissafinta daga littafi zuwa Excel, na gabatar da rahoton kuɗi kowane zangon karatu." Aikatau, adadi, sakamako. Adadin kuma ya zama na gaskiya wanda za ka iya karewa. Ƙarya a wannan takarda ba ta daɗewa, tambaya biyu a intabiyu ta isa ta tone ta, kuma ko bayan an ɗauke ka tana iya zama dalilin kora.

Manyan wurare suna amfani da manhajar da ke tattara takardun masu nema, ma'aikaci ya bincika ta da kalmomi. Saboda haka bar ado: ban da zane-zane, ban da rubutu a cikin hoto, ban da shafi mai gida-gida. Yi amfani da kalmomin da tallan ya yi amfani da su, muddin ka iya abin da gaske. Adana ta a PDF, ka sa wa fayil ɗin sunanka. Batun hoto da shekarun haihuwa ya danganta da inda kake nema: a Amurka da Birtaniya ba a sa su, a Jamus kuwa hoto abu ne da aka saba gani. Bincika kafin ka tura.

Wasiƙar rakiya sakin layi uku ce. Wane gurbi kake nema kuma me ya ja ka zuwa wannan wuri takamaimai. Wane abu ɗaya ko biyu ka yi da ya dace da bukatarsu. Yaushe za ka iya farawa. Idan za a iya cire sunan kamfanin a sa na wani ba tare da wasiƙar ta sauya ba, ba ka rubuta komai ba tukuna. Wannan ne ma ya sa nake jan kunne kan manhajojin ƙirƙirarriyar basira. Ba laifi su gyara maka nahawu ko su nuna maka inda ka yi tsawo, amma idan su suka rubuta maka daga farko, wasiƙarka za ta fito da murya ɗaya da ta sauran ɗaruruwan da suka yi haka. Takarda goma da aka ɗinka wa kowane wuri daidai jikinsa ta fi ɗari da aka watsa.

Mataki na biyar: mutane

Shafukan guraben aiki suna da amfani: LinkedIn, Indeed, shafin kowane kamfani, da ofishin ba da shawara kan aiki na jami'arku, wanda ɗalibai da yawa ke gamawa ba su taɓa taka ƙofarsa ba. Amma gurbin da aka tallata kowa ya gani. Guraben da yawa, musamman a ƙananan wurare, ba a tallata su, ana cike su ne da wanda wani ya ce ya san aikinsa.

A 1973 masanin zamantakewa Mark Granovetter ya wallafa wani bincike da ya yi fice. Ya tambayi ma'aikata a wani gari kusa da Boston yadda suka sami aikinsu, sai ya tarar a cikin waɗanda suka samu ta hannun wani, ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar ne suke yawan haɗuwa da mutumin. Sauran sanayya ce ta jefi-jefi. Dalilin a fili yake: aminanka abin da ka sani shi suka sani, wanda kuka saba sama-sama kuwa yana yawo a wata da'irar, yana jin abin da ba ka ji. A 2022 mujallar Science ta wallafa wani gwaji da aka yi da masu amfani da LinkedIn fiye da miliyan 20, ya kuma tabbatar da cewa sanayya matsakaiciya ta fi kusanci mai ƙarfi kai mutum ga sabon aiki.

Na san abin da wasu za su ce: ai wannan shi ne neman alfarma, wanda ba shi da uwa a gindin murhu ya shiga uku. Akwai bambanci, kuma ina so a fahimce shi. Ɗaurin gindi shi ne a ba ka abin da ba ka cancanta ba saboda wane. Abin da nake nufi shi ne ka sa masu aikin su san da kai kuma su ga aikinka, kuma wannan ɗan talaka ma yana iya yi.

Fara da malamanka. Zauna a gaba, yi tambaya, je ofishinsu da abin da ka karanta. Malamin da ya san sunanka tun aji biyu shi ne zai rubuta maka wasiƙar shaida mai nama, ba mai layi uku ba. Sai tsofaffin ɗaliban sashenku da suka riga ka da shekara biyu zuwa biyar, su ne suka fi tuna wahalar kuma suka fi amsa saƙo. Sai ƙungiyoyin ƙwararru, irin IEEE ta injiniyoyin lantarki, waɗanda ke da rajistar ɗalibai mai rangwame da tarurrukan da ake haɗuwa da masu aikin.

Idan za ka rubuta wa wanda bai san ka ba, kada ka fara da roƙon aiki, domin ba shi da shi a aljihu, sai ya yi shiru. Nemi abin da zai iya bayarwa. Misali: "Barka da aiki, Injiniya. Ni ɗalibar aji uku ce a sashen da kika gama. Na karanta bayanin da kika yi kan aikin tace ruwan sha, kuma furojet ɗina a kan haka nake son yi. In ba damuwa, ko zan samu minti goma sha biyar in yi miki tambaya uku kan yadda kika fara? Duk lokacin da ya yi miki ya yi mini. Na gode." Idan an amsa, zo da tambayoyinka a rubuce, kada ka wuce lokacin da ka roƙa, kuma kafin ku rabu ka tambaya ko akwai wani da take ganin ya dace ka yi magana da shi. Idan ba a amsa ba, tunatarwa ɗaya bayan mako guda ta isa.

Ƙananan kamfanoni da ƙungiyoyi kuwa, rubuta musu kai tsaye ko da ba su yi talla ba. Faɗi abin da ka lura suna bukata da abin da za ka iya yi musu a mako takwas. A ƙaramin wuri ana ba mai horo aikin gaske da wuri, abin da ba lallai ya samu a babban suna ba.

Mataki na shida: intabiyu

Wurare da yawa suna fara da gwajin lissafi da fahimta a kwamfuta, mai ƙayyadadden lokaci. Wannan sabo ne kawai, nemi samfurinsa ka yi ta gwadawa da agogo.

Don hirar kanta, shirya labarai biyar daga rayuwarka: lokacin da ka warware matsala, lokacin da kuka sami saɓani a rukuni, lokacin da ka yi kuskure, lokacin da ka jagoranci wasu, lokacin da ka koyi abu cikin gaggawa. Kowanne ka ba da shi a gaɓa huɗu: halin da ake ciki, nauyin da ke kanka, abin da kai ka yi, da yadda aka ƙare. Ɗalibai masu kunya sukan ce "mun yi, mun yi" har a gama ba a san nasu hannun ba. Kawaici hali ne mai kyau, amma a nan faɗin abin da ka yi ba yabon kai ba ne, amsa ce ga tambayar da aka yi maka. Idan ba ka san abu ba, ce ba ka sani ba, sannan ka faɗi yadda za ka bi ka gano. Idan ta bidiyo ce, gwada murya da kyamara tun jajibiri, ka zauna haske na gabanka. Riƙe tambaya biyu da za ka yi musu, kamar wa zai kula da aikinka, da me suke so a ce ka kammala kafin ka tafi. Washegari tura gajeren saƙon godiya.

Za a ƙi ka, kuma ba sau ɗaya ba. Duba jadawalinka ka ga inda kake tsayawa. Idan ba a kiranka ko kaɗan, matsalar tana takarda ko wuraren da kake zaɓa. Idan ana kiranka kana faɗuwa a hira, to nemi wanda zai zauna ya yi maka intabiyun gwaji ya faɗa maka gaskiya.

Mataki na bakwai: kafin ka ce na amince

Batun kuɗi dole a yi shi. Horon da ba a biya yana zaluntar wanda ba shi da mai ɗaukar nauyinsa, wannan ra'ayina ne kuma ba na ɓoye shi. A 2015 wani matashi ɗan ƙasar New Zealand, David Hyde, ya riƙa kwana a tanti a Janiba yana horo a Majalisar Ɗinkin Duniya ba tare da ko sisi ba, labarin ya ja hankalin duniya kan lamarin. Daga 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara bai wa masu horonta da suka cancanta alawus. A Faransa doka ta wajabta biyan mai horon da ya wuce wata biyu a wuri ɗaya, kuma ta hana horon ya wuce wata shida a shekarar karatu. Dokoki sun bambanta, bincika ta inda za ka yi. Idan har za ka karɓi wanda ba a biya, ya zama gajere, akwai mutum takamaimai da zai koyar da kai, kuma ka lissafa kuɗin mota da masauki ka ga za ka iya. Wurin da ya ɗora maka aikin cikakken ma'aikaci wata da watanni ba albashi ba koyarwa, ba horo yake ba ka ba.

Nemi komai a rubuce: ranar farawa da gamawa, sa'o'in aiki, alawus, sunan mai kula da kai. Idan jami'arka za ta ba da maki, tabbatar ta amince da wurin kafin ka fara. Mai karatu a ƙasar waje ya duba sharaɗin bizarsa, misali a Birtaniya ɗalibin digiri ba ya wuce sa'a 20 a mako lokacin da ake karatu, kuma karya wannan yana iya jawo soke bizar.

Sai 'yan damfara, waɗanda ɗalibai ne abincinsu. Mai ɗaukar ma'aikata na gaskiya ba ya karɓar kuɗin fom ko na intabiyu ko na "tabbatar da gurbi". Majalisar Ɗinkin Duniya tana nanata cewa ba ta cajin ko kwabo a kowane matakin ɗaukar aiki, amma har yanzu ana damfara da sunanta. Alamomin sanannu ne: an ɗauke ka ba intabiyu, albashi ya fi ƙarfin aikin, ana gaggauta ka, imel ɗin ba na kamfanin ba ne, ana neman lambar sirrin bankinka. Wani lokaci abin ya wuce asarar kuɗi. A 2023 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa aƙalla mutum 120,000 a Myanmar da kimanin 100,000 a Kambodiya ake tsare da su ana tilasta musu damfarar mutane ta intanet, kuma da yawansu masu ilimi ne da aka yaudara da tallan aikin kwamfuta. Duk tayin da zai fitar da kai ƙasarka, nemo lambar kamfanin da kanka daga shafinsa ka kira, kada ka miƙa wa kowa fasfonka ya riƙe, kuma iyayenka su san adireshin da za ka.

Mataki na takwas: ka shiga, sai me?

Ɗauka cewa kowace rana intabiyu ce, domin haka take. A makon farko zauna da mai kula da kai ku fayyace abin da ake so ka cim ma. Riƙe littafi, duk abin da aka nuna maka ka rubuta, don kada a maimaita maka sau uku. Idan ka maƙale, gwada da kanka na ɗan lokaci, sannan ka je da tambaya kana faɗin abin da ka riga ka gwada. Ƙaramin aiki, ko shigar da bayanai ne, yi shi ba kuskure, da shi ake auna ko za a ba ka babba. Idan ka yi kuskure, kai ka fara faɗa kafin a gano. Idan an bar ka zaune ba aiki, kada ka koma kan waya, duba abin da ke damun sashen ka ce ko za ka gwada. Kowane ƙarshen mako tura wa mai kula da kai layi huɗu: abin da ka gama, abin da ke hannu, inda kake bukatar taimako. A tsakiyar wa'adi tambaye shi kai tsaye me ya kamata ka gyara, tun da sauran lokacin gyarawa.

Sirrin wurin aiki amana ne, kada takardarsu ko hoton allon kwamfutarsu ya fita a Facebook ko WhatsApp. Kuma ga ɗalibai mata musamman, ko da yake maza ma abin yana samunsu: kasancewarki mai horo bai ba kowa damar taɓa mutuncinki ba. Idan wani ya fara maganar banza ko ya haɗa makinki da wata bukata tasa, ajiye saƙonnin, rubuta rana da lokaci, ki kai ƙara sashen kula da ma'aikata da kuma jami'in da jami'arki ta ɗora wa horon. Laifin ba naki ba ne.

Mataki na tara: fita

Saura mako biyu ka gama, faɗa wa mai kula da kai a fili cewa kana sha'awar dawowa idan akwai gurbi, ka tambayi yadda ake nema da lokacin da ake buɗewa. Ba za a karanta zuciyarka ba. Rubuta takardar miƙa aiki yadda wanda zai gaje ka zai ci gaba ba tare da ya kira ka ba. Karɓi wasiƙar shaida tun kana wurin, lokacin da aikinka ke sabo a ransu, ka kuma nemi izinin sa sunan mai kula da kai a matsayin wanda za a tuntuɓa. Tambayi wane ɓangaren aikin ne za ka iya nunawa a waje ba tare da ka taɓa sirrinsu ba.

A makon da ka gama, kafin adadin ya gushe maka, buɗe takardarka ka ƙara layi uku na abin da ka yi, da aikatau da adadi da sakamako. Sannan sa wa kanka tunatarwa a waya: bayan wata uku ka gaida mai kula da kai, ka faɗa masa inda karatu ya kai da ranar da kake sa ran gamawa.